Fitilar da Ta Shiga Gurbin Giyayya

Na san abin da ake faɗa a gidan Baffanku Arzika, ba sai kun ɓoye mini ba. Ana cewa ni na kashe tabkinmu. Wai na kwaso wata fitila daga Birnin Kebbi na cusa ta ƙarƙashin ruwa, kifi ya ga walƙiya ya firgita, ya tafi bai sake waiwayo ba. Ran wani suna na ji wata tsohuwa tana ba da labarin a bayan zana, har da ƙarin gishiri wai ruwan sai da ya tafasa. Na yi dariya a wurin, amma da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai. Inna ta rasu, Yaya Arzika ya rasu. Uwarku rabin zancen ta sani, ƙanena Nomau kuwa ko wuni ka yi kana tambayarsa ba zai ce maka uffan ba. Saura ni. Don haka ku ji daga bakina, tun ina da bakin.

Mu masunta ne tun kaka da kakanni, a wani ƙauye da ke ƙasa da Argungu, bakin fadamar Rima. Gidanmu yana da tabki nasa na gado. Duk damina gulbi yakan cika ya tumbatsa ya shigo masa ta wani mashigi, ya zubo kifi, in ruwa ya janye kifin ya zauna ya yi ƙiba. A kusurwar gabas akwai tsohuwar giyayya, ƙarƙashin saiwoyinta kuma akwai gurbi mai zurfi, da wani kogo a jikin gaɓa inda manyan giwan ruwa ke kwanciya. Baba yakan ce mutum zai iya shiga kogon nan ya juya ya fito ba tare da ya taɓa bango ba. Mu uku ya haifa maza. Yaya Arzika, babbanmu, ya gaji ruwa gaba ɗaya: nutso, lalube, homa, gora, babu wanda bai ƙware a kai ba. Nomau, autanmu, tun yana ƙarami hankalinsa na ga gona. Ni na tsakiya, Mamman, ni ne abin kunyar gidan, ɗan masunta da ruwa ke kai masa ƙirji ya fara salati. Na gudu Birnin Kebbi na koyi ɗaukar hoto, na buɗe shago a Nasarawa, na yi gida a Badariya inda aka haife ku. Yaya bai taɓa daina yi mini tsiya ba. In na je gida yakan ce a kawar da randa kada Mamman ya faɗa.

A gidanmu akwai al'adar ɗaure tabki. Idan babba ya ga kifi ya ragu, sai ya ɗaura igiyar kaba a jikin giyayya, daga ranar ba mai jefa ragar homa, ba mai saka ƙugiya, ba mai fid da ko ɗan kurungu ɗaya, har sai wanda ya ɗaure ya kwance da hannunsa. Shi kansa babban ba a ɗauke masa ba. An yarda ya shiga ya yi nutso ya shafa ya ji yadda suke, amma ya fito hannu wofi. Baba ya taɓa ɗaurewa muna yara, da aka kwance kuwa sai da maƙwabta suka gaji da kyautar kifi. To bayan rasuwar Baba kamu ya riƙa raguwa, Yaya ya ɗaura kaba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kabar ta ruɓe ya sake wata. Kowa na ganin mashigin nan yashi yana cinye shi, gulbi ko ya cika ba ya shigowa kamar da, amma ba wanda ya iya duban idon Yaya ya faɗa.

Sai shekarun shinkafa suka zo. Kun tuna lokacin, duk inda ka duba a fadama injin ban ruwa ne ke kuka, malaman makaranta ma sun koma noman rani. Gonar gidanmu tana manne da tabkin, da rani ƙasa ce kawai mai tsagewa. Nomau yana da iyali da yawa, ga 'ya'yan Yaya ma da suka taso babu kifin da za su kama, sai tafiya ci-rani. Abin da yake so ɗaya ne: a kwance tabki ya kafa inji ya ja ruwan ya yi shinkafa. In aka yi haka kuwa, kafin bazara tabkin zai koma kududdufi, kuma ba za a sake kiransa wurin kamun kifi ba. Maganar ta yi zafi har Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da su a ɗakinta, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

"Yaya, tabkin ga ya mutu," in ji Nomau. "Kowa ya sani. Ruwa na kwance banza, gonarmu na gefenai tana ƙonewa."

"Suna nan," in ji Yaya. "Na shiga na taɓa su da hannuna."

"To hiddo ɗaya mu gani."

"Ni na ɗaure shi, ni kuma za ni fara karya shi? Nomau, ka san abin da kake faɗi kuwa?"

"Ke nan hannunka kaɗai na shaida. Mu sai mu zauna mu ci shaidar hannu."

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ɗan fari ne, Mai Ruwa take ce masa. Ta bar su suka yi har suka gaji, sannan ta juyo gare ni.

"Mai Ruwa ya ce suna nan, wanga ya ce babu. Ni ban iya nutso. Mamman, ba kai ka ɗaukar hoton mutane ba? Ɗauko min hoton kihin in gani. In manya na nan, kaba ta zauna. In babu, a kwance tun lokacin dashe bai wuce ba."

Na buɗe baki zan ce mata kyamara da ruwa ba sa ga maciji, sai na tuna da wata jaka da ke saman kanta a shagona. Wani baƙo mai ɗaukar hoto ya taɓa zuwa kallon bikin kamun kifi a Argungu, na yi masa jagora, da zai tafi ya bar mini ita, ya ce shi dai ruwanmu ya gagare shi, bai samu komai ba sai laka. Shekaru tana nan tana shan ƙura. Da na yi shiru a ranar, da wannan labari bai taso ba. Amma ni mutum ne mai bakin cika, musamman a kan sana'ata. Na ce wa Inna ta ba ni ɗan lokaci.

Kyamarar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannuna ba. Tana da kwanso na roba mai kauri, garau kamar gilashi, a saka ta ciki a rufe a danne, maɓallanta duk suna da 'yan sanduna a waje da za ka danna su taɓa na ciki. Sai fitilar walƙiya mai batir nata daban, da hannu mai gaɓoɓi da ake ɗaure ta a kai, da wata siririyar igiya baƙa mai nannaɗe kamar ta tsohon tarho. Na fara da kwanson shi kaɗai, don ban yarda in jefa kyamara a ruwa da ka ba. Na cusa auduga a ciki na rufe, na ɗaura masa dutse na sake shi cikin duron ruwan gidanmu. Da na ciro, audugar ta jiƙe sharkaf. A bakin murfin akwai zoben roba da ke tare ruwa. Na zare shi na ɗaga a rana ina bi da yatsa, sai ga wani ɗan zare na tsumman da na goge shi da shi ya kwanta a kai. Zare ɗaya tal. Na wanke, na shafa masa ɗan man da na samu a jakar, na mayar a hankali, aka sake gwadawa audugar ta fito a bushe. Uwarku Kulu tana tsaye da ludayi tana kallona.

"Malam, duron ga na ruwan girki na, ba Rima ba ne. In kifi kake nema, kasuwa na nan."

Igiyar ita ta fi ɗaure mini kai. Na saba da waya mai ƙarfe a baki, a soka nan a soka can wuta ta bi. Wannan babu ƙarfe ko kaɗan, kwanson kuma ba shi da wata kafa da ta ratsa zuwa ciki, ai da akwai da ruwa ya bi. Na juya ta, na shinshina, na kusa yanka ta in ga cikinta. Allah ya sa na ɗaga bakinta guda ya dubi rana, na leƙa ɗayan, sai na ga ɗigon haske. Ashe ba wuta take ɗauka ba, haske take ɗauka. A gaban kwanson, daidai inda ɗan filashin kyamarar yake, akwai wani ɗan rami da bai huda ba. Nan ake cusa baki ɗaya, ɗayan kuma a idon fitilar. In ka danna, filashin ciki ya ƙifta, hasken ya bi igiya, babbar fitila ta gani ta amsa. Na haɗa, na danna, fitila ta yi wal har kajin Kulu suka watse. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Na duba hoton, baƙi ƙirin.

Ranar na zagi baƙon nan da kakanninsa, Allah ya yafe mini. Ga fitila tana haskawa da idona nake gani, ga hoto kamar cikin rijiya. Na canza batir, na hura bakin igiya, na sake sokawa, duk a banza. Na yi kwanaki a haka, masu zuwa ɗaukar fasfo suna tarar da shago a rufe. Abin da ya fid da ni madubin Kulu ne. Na tsaya gabansa na ɗauki kaina, don in ga ko fitilar za ta fito a kunne cikin hoton. Ta fito a mace. Ke nan tana haskawa, amma ba a lokacin da kyamara ke buɗe ido ba. Da na lura sosai sai na ga filashin ciki sau biyu yake ƙiftawa, ƙarami na auna haske, sannan na gaske ya biyo baya nan take. Fitilar kuwa garaje gare ta, da ta ga na farko sai ta zubar da duk abin da ke cikinta, kafin na biyu ya zo ba ta da komai. A bayanta akwai ɗan mamurɗi mai alamomi. Na riƙa murɗawa ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar madubi, har na kai inda ta koyi jira. Hoton ya fito da farin haske tsakiyar madubi da rabin hulata. Na fito tsakar gida ina nuna wa Kulu, ta duba ta ce ita dai ba ta ga kifi ba.

Saura laka, wadda ta kori mai kayan. Na je fadama na ɗebo ta a bokiti na dama a duron, na jefa murfin tukunya ciki, na nitsa hannu na ɗauka. A wannan karon Kulu jarkoki kawai ta ɗauka ta aika a sayo ruwa. Hoton ya fito fari fat da ɗige-ɗige kamar an watsa garin tuwo. Hasken da ya fita daga kusa da idon kyamara yana dukan ƙurar ruwan da ke gabansa ya dawo kai tsaye. Sai na samo salatif baƙi na rufe gaban filashin ciki gaba ɗaya, na bar wa igiya kaɗai hanyarta. Na miƙe hannun fitilar can gefe, na karkatar da ita yadda gefen haskenta ne kawai zai sauka a kan abin. Na matsa kusa, kusa ƙwarai, ƙasa da tsawon hannu. Murfin tukunya ya fito, har da lotsawar da ke gefensa. Ni da na ɗauki hoton sarakai da amare, ban taɓa jin daɗin hoto kamar na murfin nan ba.

Akwai abin da na san ba zan iya ba, shi ne kai kayan gurbin da kaina. Dole Yaya ne zai danna. Na sauka ƙauye na zauna da shi a zaure ina koya masa. Yatsunsa duk kanta, sai ya danna maɓalli biyu a tare. Kuma shi a ƙarƙashin ruwa ido rufe yake aiki, tun yana yaro, babu abin gani a can. Na ce masa ba sai ya buɗe ba: abin da hannun hagu ya taɓa, ya ja baya kamu ɗaya, ya saita, ya danna da dama, kada kuma ya harba ƙafa ya ta da laka. Na ba shi labarin wahalar da na sha, yadda abin yakan yi ya ƙi. Ya juya kwanson yana dariya.

"Wanga abu har gora anka yi mai don kada shi nutse. Mamman, ɗan'uwanka na."

Ya ce mu biyu kaɗai za mu, bai son taron 'yan kallo. Da hantsi muka shiga jirgi, lokacin ruwa ya kwanta. Na ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu har muka isa inuwar giyayya. Na duba zoben roba, na duba bakin igiya sama da ƙasa, na ɗauki tafin hannuna don in tabbata fitila na jira, sannan na ɗaura masa kayan a wuyan hannu. Ya yi bisimilla ya zame cikin ruwa ba ko fantsama. Na zauna ina kallon inda ya ɓace. Can sai ƙasan ruwan ya yi wal, launin ƙasa-ƙasa ya koma kamar zuma, na hango inuwar saiwoyi da inuwar mutum, nan take kuma ya rufe. Tunda Allah ya halicci gurbin nan haske bai taɓa shiga cikinsa ba sai ranar.

Hoton farko da ya kawo mini, babban yatsansa ne da laka. Na yi masa tsiya, ya ce kyamarar ce ba ta da tarbiyya. Ya koma, ya sake komawa, bakin kogo, cikin kogo, gefen saiwoyi, tsakiyar tabki, har ƙirjinsa ya fara kuka, don a lokacin ya manyanta. Da ya hau jirgi na lulluɓe kaina da riga don rana kada ta hana ni ganin gilashin bayan kyamarar, na fara bi ɗaya-ɗaya.

Hotunan sun fito. Sun fito fiye da yadda na roƙi Allah. Ga saiwoyin giyayya kowace da gashinta. Ga bakin kogon da Baba ke faɗa, yashi ya cike shi, saura kaɗan ya taɓa rufi, ko kare ba zai juya a ciki ba. Ga 'yan kurungu sun lafe a jikin saiwa, ga ƙananan ƙarfasa, ga tarwaɗa guda da ba ta wuce sangalin hannu ba ta miƙe gashin baki tana duban fitila. Na bi har ƙarshe na dawo na sake bi. Babu giwan ruwa, babba ko ƙarami. Na daɗe a cikin rigar nan fiye da yadda ya kamata, gumi yana zuba mini a ido. Yaya idonsa ba ya ganin abu na kusa, ko na miƙa masa gilashin ba abin da zai gane.

"Wutar ta kama?" in ji shi.

Na ƙara jan rigar a kaina. Na ji ya ɗauki filafilin tuƙi ya ajiye.

"Kai ka ce abin naka yana yi yana ƙi," ya ce, a hankali. "Halama yau ma ya ƙi."

Na fito da kaina. Bai dube ni ba, igiyar kabar da ke jikin giyayya yake kallo. Na gane abin da yake roƙo, shi da bai taɓa roƙona komai ba tunda aka haife ni. Kuma abu ne mai sauƙi. In ce igiya ta zame, in danna maɓalli biyu hotunan su tafi. Inna ba za ta sani ba. Nomau zai yi gunaguni ya gaji, lokacin dashe ya wuce, kaba ta ƙara shekara. Wallahi na so in yi masa. Ina son Yaya fiye da yadda na taɓa gaya masa, shi ya goya ni ya ƙetare da ni gulbi ina kuka a bayansa. Amma Inna ni ta duba ta ce in ɗauko mata ta gani, ta ari idona ne. Ga kuma yaran gidan da ke tafiya kudu duk rani suna dako, cikinsu har da nasa. In na ce ya ƙi yau, baɗi ma sai na sake cewa ya ƙi.

"Ta kama, Yaya," na ce. "Ta kama sosai."

"Faɗi."

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya saurara yana gyaɗa kai, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Yashin ya kai ina?"

"Saura kamu ɗaya shi taɓa rufi."

"Haka hannuna ya ce tun bara." Ya ɗauki filafili. "Na ɗauka kai za ka fi hannuna tausayi."

Ya tuƙa mu har gaɓa.

Na wanko hotunan manya na kai wa Inna. Ta riƙe na kogon a juye, na gyara mata, ta daɗe tana dubansa. Nomau da nake zaton zai yi murna ya leƙa sau ɗaya ya sunkuyar da kai, shi ma a labarin kogon nan ya girma. Inna ta kife hoton a kan tabarma.

"Mai Ruwa," ta ce, "kwance shi."

Bai yi gardama ba. Ya je shi kaɗai ya kwance kabar, ya dawo ya rataye homarsa a zaure. Nomau ya kafa inji. Shinkafa ta yi kyau a shekarar da shekarun bayanta, kun ci, 'ya'yan Baffanku sun ci, wasunsu da ita suka yi aure. Yaya bai taɓa ƙin cin ta ba, bai kuma taɓa yaba ta ba. Ni kuwa na biya nawa. Ya daina yi mini tsiya. Ku ba za ku gane nauyin wannan ba, amma mutumin da ya yi shekara hamsin yana cewa a kawar da randa, ranar da ya tarbe ni da sannu da zuwa Malam Mamman, na ji kamar ya rufe mini ƙofa. Daga baya mun shirya, muna zama muna hira, ya zo Badariya jinya ya kwana a ɗakina. Tsiyar dai ba ta dawo ba har Allah ya karɓi abinsa. Na sha juya maganar a raina, in tambayi kaina ko da na ba shi shekara ɗayan nan me za ta rage wa duniya. Har yau in aka mayar da ni cikin jirgin abin da na faɗa zan faɗa, kuma har yau yana yi mini ciwo. Fitila ba ta kori kifi ba, 'ya'yana. Ta tarar sun riga sun tafi.

Shigarsa ruwa ta ƙarshe ina wurin. Ƙarshen ranin shekarar da aka kwance kabar ne, inji ya sha tabki har gaɓa ta fito tsirara, Nomau ya bugo mini ya ce Yaya na nemana. Tun ranar jirgi bai neme ni ba. Na tarar da shi a gindin giyayya da babbar gorarsa ta kamun kifi. Saiwoyin duk suna waje sun bushe, ruwan da ya rage bai wuce gwiwa ba. Ya taka ya shiga da ƙafa, ya isa bakin kogon, ya sunkuya ya leƙa. Wurin da ya yi rayuwarsa yana shiga ido rufe, ranar ya fara ganinsa. Ya daɗe a sunkuye. Ya shafa rufin da tafin hannu, sannan ya juyo.

"Ka zo da abin hoton?"

"A'a, Yaya."

"Gara. Zo riƙe min gora."

Ya riƙa lalubo 'yan kurungun da ƙarfasar da suka rage cikin laka yana zubawa a gorar, har da tarwaɗar nan, wadda ta ba shi wuya kafin ta kamu. Yara sun taru a gaɓa da kwanoni suna jiran rabo, ya ce su tafi gida, waɗannan ba na miya ba ne. Muka ɗauki gorar mu biyu, ya kama wuya na tallafi gindi, muka ratsa gonar shinkafa da ta yi kore shar, muka bi ta kan busasshen mashigi har bakin gulbi. Tafiya ce mai nisa ga tsofaffi, mun huta a hanya yana canza musu ruwa daga kwatar ban ruwan Nomau. A bakin gulbi ya tsuguna ya nitsa bakin gorar a hankali, suka riƙa fita ɗaya-ɗaya, tarwaɗar ce ta ƙarshe. Gorar ta daɗe da zama wofi, shi kuwa yana tsugune yana riƙe da bakinta cikin ruwa. Ban ce masa ya tashi ba.